Wane Ne Maƙwabcinmu Idan Gida Yana da Taya?

A wannan fitowa muna so mu ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa, domin mu yi tunani tare a kan wata tambaya wadda ke kusa da ƙofar kowannenmu. Ga tambayar: mutumin da ya sauka kusa da mu yau, wanda muka san gobe ko jibi zai naɗe kayansa ya tafi, wataƙila kuma ba za mu ƙara ganinsa ba har iyakar ranmu, shin yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanmu? In yana da shi, mene ne wannan haƙƙi, ina kuma iyakarsa?

Garin da ke cika ya watse

A kudu maso yammacin Amurka, cikin hamadar Jihar Arizona, akwai wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite. A ƙidayar shekarar 2020 mazaunansa na dindindin ba su kai 2,500 ba. Daga watan Yuni zuwa Agusta zafin wurin yakan haura digiri 40, har gari ya yi tsit kamar an yi shara. Amma da zarar sanyi ya kama arewacin Amurka da Kanada, ƙanƙara ta rufe hanyoyi, sai dubun dubatar mutane su kwararo kudu, su cika garin da dajin da ke kewaye da shi, musamman a watan Janairu. Kafin tsakiyar Afrilu kuwa yawancinsu sun watse.

Waɗannan baƙi da gidajensu suke zuwa. Motocin tafi-da-gidanka ne, waɗanda Amurkawa ke kira RV. A cikin kowace akwai gado, da murhun gas, da firiji, da makewayi, da tankin ruwa. Wasu masu inji ne da ake tuƙawa, wasu kuwa wata mota ce ke jansu. Wani bincike da masu ƙera irin waɗannan motoci suka fitar a 2021 ya nuna gidaje fiye da miliyan 11 a Amurka sun mallaki irinsu. Da yawa don hutu kawai suke amfani da su. Akwai tsofaffin da suka yi ritaya, suka sayar da gida, suka ce za su ƙarasa kwanakinsu suna zagaya ƙasa. Akwai kuma waɗanda dole ce ta sa su, musamman bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, lokacin da mutane da yawa suka rasa gidajensu saboda bashin banki. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi irin waɗannan mutane, ta rubuta littafi a kansu a 2017 mai suna Nomadland, wanda aka mai da shi fim a 2020, ya kuma ci babbar lambar Oscar a 2021. A ciki ta nuna dattawa masu shekara sittin da saba'in suna bin aikin ci-rani daga jiha zuwa jiha, yau a wurin girbi, gobe a manyan ɗakunan ajiye kaya gabanin Kirsimeti.

Masaukinsu iri biyu ne. Akwai zango na 'yan kasuwa, inda aka yanka fili ƙanana-ƙanana, kowane da lambarsa, da turken wutar lantarki, da famfo, da bakin magudanar ƙazanta. Akwai kuma filin gwamnati, kamar La Posa a kudancin garin, inda mai takardar izini zai iya zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A wasu filayen kwana 14 kawai aka yarda mutum ya yi, sa'an nan ya tashi.

Ranar sauka

Bari mu kwatanta ranar sauka a irin wannan zango. A ce wani dattijo ne da matarsa da karensu suka iso da la'asar, bayan tafiyar yini guda. An ba su lambar fili. Aiki na farko shi ne shigar da doguwar mota da baya cikin wuri ɗan tsiriri, tsakanin motoci biyu, maigida yana duban madubi, uwargida tana tsaye a baya tana yi masa alama da hannu. Daga nan sai a daidaita motar da katakai a ƙarƙashin taya, gama in ta karkace ƙofa ba ta rufuwa daidai, firiji mai aiki da gas kuma yakan lalace. Sai a sa waigi, a haɗa wayar lantarki, a ɗaura tiyon ruwa, a jona bututun ƙazanta, a buɗe rumfa, a fito da kujeru biyu. Cikin sa'a guda gida ya kafu.

Amma ku duba inda ya kafu. Tsakaninsa da na kusa da shi taku kaɗan ne. Bangon motar ba shi da kauri, tari ma ana ji. Sau da yawa bututun ƙazantar wannan yana daf da teburin cin abincin wancan. Ga kuma kare, wanda ya gaji da zaman mota, ya ji ƙanshin sabon wuri da muryoyin da bai sani ba, ya fara haushi. Kafin dattijon nan ya san sunan kowa, ya riga ya shiga cikin rayuwar mutane huɗu ko shida, su ma sun shiga tasa. Bai zaɓe su ba, ba su zaɓe shi ba. Wani cikinsu jibi zai tashi, wani sai bayan wata uku.

Masu zango sun san haka, shi ya sa suke kafa dokoki. A yawancin wurare ana hana hayaniya da tayar da janareto daga wajen ƙarfe 10 na dare zuwa safiya. Ana so a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, wato ƙasa da mita 2, a kuma kwashe kashinsa nan take. Ba a ratsa filin wani don a gajerta hanya. Dokoki ne masu kyau. To, amma doka iyakarta ta hana cuta. Tambayarmu ta wuce nan: bayan mutum ya kiyaye dukan abin da aka rubuta a takarda, akwai sauran bashi a kansa?

Masu cewa babu

Kada mu yi saurin amsawa, domin masu cewa babu suna da hujjarsu, ba kuwa hujjar banza ba ce.

Hujja ta fari ita ce, maƙwabtaka aba ce da ke ginuwa da yau da gobe. Maƙwabcin da muka sani shi ne wanda muka yi suna tare, muka yi makoki tare, 'ya'yanmu suka tashi tare. Mun taimake shi bara, shi zai taimake mu baɗi. Wanda zai tashi jibi fa, yaushe zai rama? Hausawa ma sun ce baƙo raɓa ne. Wa ke shuka don raɓa?

Hujja ta biyu ita ce, da yawa daga cikin mutanen nan kaɗaici suka fito nema. Wani matarsa ta rasu, wani ya gaji da hayaniyar birni, wani kunyar talaucinsa yake ji. A cikin hamada ma al'adarsu ita ce, in fili yana da faɗi, ba ka zuwa ka kafa motarka a jikin ta wani. Wanda ya matsa wa irin wannan mutum da ziyara da tambayoyi, da sunan ƙauna, nauyi ya ƙara masa.

Hujja ta uku ita ce tsoro. Ba ka san asalin mutum ba, ba ka san abin da ya baro a baya ba, ba wanda zai tsaya masa. Buɗe masa ƙofa ba ganganci ba ne?

Abin da Bishara ta koya mana

Mu ɗauki hujja ta fari mu auna ta da misalin da Ubangijinmu ya bayar a Bishara ta hannun Luka, sura 10. Mun saba jin labarin Basamariyen nan, har mun daina lura da wani abu a cikinsa: shi kansa matafiyi ne. Ba a ƙofar gidansa ya tarar da wanda 'yan fashi suka raunata ba, a kan hanyar Urushalima zuwa Yariko ne. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa a masauki, da gari ya waye ya ba mai masaukin dinari biyu, ya kama hanyarsa. Wato misali mafi girma da Yesu ya ba mu na maƙwabtaka, maƙwabtakar dare ɗaya ce tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba. Malamin Attaura ya zo yana neman a shata masa iyakar waɗanda suka cancanci ƙaunarsa, Yesu kuwa ya juya tambayar, ya sa shi ya faɗi wanda ya mai da kansa maƙwabci. Marigayi Paparoma Francis ya ware babi guda a kan wannan misali cikin wasiƙarsa Fratelli Tutti ta 2020, yana jan hankalinmu ga wannan juyi.

Ashe hujja ta fari tana tona mana asiri ne. In alherinmu ya tsaya ga wanda zai daɗe har ya rama, to adashi muke yi, muna zubi muna jiran ranar kwasa. Adashi ba laifi ba ne, yana riƙe da gidaje da yawa, amma ba shi ne ƙaunar da aka umarce mu da ita ba. A sura 14 ta wannan Bishara, Ubangiji ya gargaɗi mai biki ya riƙa gayyatar waɗanda ba su da halin rama masa. Maƙwabcin kwana uku yana cikin irinsu. Shi ne ma'aunin da ke nuna ko alherinmu na Allah ne ko na lissafi.

Mu tuna kuma da kakanmu cikin bangaskiya. Ibrahim mazaunin alfarwa ne, baƙo a ƙasar Kan'ana, sa'ad da ya hango mutum uku da tsakar rana a Mamre, ya sheƙa ya tarye su, ya sa aka yanka musu maraƙi, kamar yadda Littafin Farawa sura 18 ya ba da labari. Bai jira sai ya gina gidan dutse kafin ya karɓi baƙi ba. Filin da muka ji ya saya da kuɗinsa a ƙasar, saurar Makfela ce, inda ya binne Saratu. Masana kuma sun nuna mana cewa a farkon Bishara ta hannun Yohanna, kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita don zaman Kalman Allah a cikinmu, tushenta ɗaya da kalmar alfarwa. Ɗan Allah ya kafa zangonsa a jikin namu na 'yan shekaru, a cikinsu kuwa ya ba da kome.

Hujja ta biyu kuwa gaskiya ce, sai dai ba ta rushe haƙƙin ba, siffarsa ta nuna mana. Mazauna zangon nan suna da wata ladabi mai kyau: ba a zuwa a dami mutum da hira sa'ad da yake shigar da motarsa da baya ko yake haɗa wuta da ruwa, domin hankalinsa na iya rabuwa ya yi ɓarna. Ana ɗaga masa hannu daga nesa, a bar shi ya natsu. In ya nemi a duba masa baya, sai a tashi. Wannan ita ce ƙauna mai kunya, wadda take nuna tana nan ba tare da ta cusa kanta ba. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi shimfiɗar tabarma. Mai neman kaɗaici ba ya ƙin a lura cewa yau kwana biyu ke nan ƙofarsa ba ta buɗe ba. Ga tsoho mai ciwon zuciya da ke zaune shi kaɗai a hamada, nesa da 'ya'yansa, wannan lura tana iya zama tsakaninsa da mutuwa.

Hujja ta uku ma ba mu yar da ita ba. Ekklesiya tana lissafta hattara cikin manyan halaye na gari. Ba wanda ya ce a miƙa wa baƙo mabuɗi ranar da ya sauka. Amma tsakanin miƙa mabuɗi da kawar da kai akwai fili mai faɗi, a cikinsa kuwa akwai gaisuwa, da moɗar ruwa, da aron guduma, da nuna hanyar asibiti.

Batun kare

Yanzu mu koma ga karen dattijon nan, gama a wurinsa ne maganar take zama ta zahiri. A wurin maigidansa kare abokin tafiya ne, ga wanda ya rasa mata ko miji ma wataƙila shi kaɗai ne mai taryarsa da murna. Littafi Mai Tsarki bai raina wannan ba. A Littafin Tobit, sa'ad da saurayi Tobiya ya kama doguwar hanya tare da Mala'ika Rafayel, an ambaci kare yana biye da su, a fita da kuma komowa. Katekism na Ekklesiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar a sakin layi na 2416 zuwa 2418 cewa dabbobi halittun Allah ne da ya wajaba a tausaya musu, sa su wahala a banza kuma ya saɓa wa darajar ɗan adam. Amma a nan ɗin ya yi kashedi kada a ba dabba irin ƙaunar da ta dace da mutum kaɗai, kada kuma a kashe mata dukiyar da ya kamata ta fara zuwa ga matalauta.

Ga inda gwajin yake. Abin da yake ta'aziyya a gare ni yana iya zama azaba ga na kusa da ni. Mai kare yakan ce, "Ai ba ya cizo." Wataƙila gaskiya ne. Amma matar da ke mota ta gaba, wadda kare ya taɓa yayyage mata ƙafa tana yarinya, ba ta da hanyar sanin haka, ba kuwa wajibinta ba ne ta amince. Ma'aikacin da ya yi aikin dare yana neman barcin rana bai damu da ko haushin na wasa ne ba. Saboda haka igiyar nan ta ƙafa 6 ta fi ƙarfin dokar zango. Shaida ce cewa mai karen ya yarda ya taƙaita abin da yake ƙauna domin kwanciyar ran wanda bai sani ba. Durƙusawa a kwashe kashin kare a filin da za ka bari gobe, alhali ba mai ganinka, ƙaramin aiki ne, amma irinsa ne ke nuna ko mutum yana ɗaukar wanda zai sauka bayansa a bakin mutum.

Igiyar kuma alheri ce ga karen kansa, domin a hamadar Arizona akwai macizai masu dafi, da ƙayoyi masu maƙalewa a jiki, da wani karen daji mai kama da dila wanda ke ɗauke ƙananan karnuka. Akwai wani hatsarin kuma: in aka bar kare a rufe cikin mota aka fita, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zafi na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Wa zai ji kukansa? Wannan maƙwabcin da haushin ke damu. Shi ya sa masu hankali cikinsu sukan bar wa na kusa lambar wayarsu kafin su fita. Dubi ikon Allah: kunnen da kake ɓata wa rai, shi ne kunnen da kake bukata.

Wanda haushin ya dama shi ma yana da nasa nauyin. Hanya mafi sauƙi ita ce ya kai ƙara ofis a ɓoye, ko ya yi ta gunaguni har ranar tashi. Hanyar da Ubangiji ya shimfiɗa a Matta sura 18 kuwa ita ce a fara zuwa wurin mutum, kai da shi kaɗai. Sau da yawa mai karen bai ma san karensa na haushi in ya fita ba. Magana ɗaya mai taushi takan kashe abin da wata guda na fushi ba zai kashe ba. Mazauna zango sukan ce da dariya, sun san sunan kare kafin su san na maigidansa. Dabbar da za ta iya haɗa faɗa, ita ce kuma take buɗe ƙofar gaisuwa.

Mu dawo gida

A maƙabartar Quartzsite akwai wani kabari da aka gina masa dala ta duwatsu, da siffar raƙumi a bisanta. Na wani mutum ne mai suna Hadji Ali, wanda ya zo daga ƙasashen daular Usmaniyya a shekarun 1850 don ya kora wa sojojin Amurka raƙuma a hamada. Sojojin sun kasa faɗin sunansa, suka mai da shi Hi Jolly. Ya rasu a garin a 1902. Garin da ke rayuwa da baƙi, abin tunawarsa mafi shahara kabarin baƙo ne. Kamar Ibrahim, abin da ya tabbata nasa a ƙasar baƙunci shi ne wurin kwanciyarsa.

'Yan'uwa, ba mu da motocin tafi-da-gidanka, amma muna da maƙwabtan da ba su daɗewa. Akwai ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarmu na shekara guda. Akwai malamar asibiti da ɗan sanda da soja waɗanda takardar canjin wuri ke iya ɗauke su kowane lokaci. Akwai ɗan ci-rani, akwai mai haya a ɗakin da ke jikin namu, akwai iyalin da tashin hankali ya koro daga ƙauyensu, suna jiran ranar komawa. Muna gaishe su? Mun san ko sun kwana lafiya? A ranar Lahadi, wanda ke zaune a bencin baya, wanda ba ya cikin Zumuntar Mata ko ƙungiyar mawaƙa ko ta matasa domin bai san ko zai kai Ista a garin ba, akwai wanda ya tambayi sunansa bayan Misa?

Muna da namu karnukan kuma. Wani nasa karen gadi ne da yake saki da dare ya firgita masu wucewa, ciki har da maƙwabtan da addininsu ko al'adarsu ba su so kare ya raɓe su. Wani akuyarsa ce mai shiga gonar mutane, wani janaretonsa ne a gindin tagar wani, wani ruwan wankansa ne da ke malala ƙofar wani, wani ma lasifikar addu'arsa ce da tsakar dare. Kowannenmu ya tambayi kansa: mene ne abin da nake ƙauna wanda maƙwabcina ke ɗaukar nauyinsa, ina kuma igiyar da na sa masa?

Amsar tambayarmu ke nan. Kusanci ne ke haifar da haƙƙin maƙwabtaka, ko zaman ya yi tsawo ko bai yi ba. Duk wanda Allah ya ajiye inda zai ji muryarmu, mu kuma mu ji tasa, yana binmu abu uku: mu kawar masa da cutarmu, mu girmama sirrinsa, mu kasa kunne ga bukatarsa. In muka ce sai mai daɗewa za mu ƙaunata, sai mu tambayi kanmu wane ne a cikinmu mai daɗewa. Dukanmu an ba mu lambar fili, ba a kuwa gaya mana ranar tashi ba.

Allah wanda ya bi da Ibrahim cikin baƙuncinsa, ya kuma aiko da mala'ikansa ya raka Tobiya, ya kiyaye dukan matafiya da marasa gida. Ya ba mu zuciyar Basamariyen nan, domin wanda ya sauka kusa da mu, ko na dare ɗaya ne, ya tashi yana yi wa Allah godiya. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.